Na ba magini miliyan 2.8 ya kewaye mini fili, wata uku ke nan ina bin sa

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Shawara nake nema, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Ina da fili hamsin da ɗari a bayan Janguza. Awon igiya ne, amma takarduna sun cika. Bara wani ya fara zuba yashi a gefensa, sai da mai unguwa ya shiga maganar, shi ya sa na ce bana ko da bashi sai na kewaye shi. Aiki nake a Abuja, sai bayan mako biyu ko uku nake leƙo Kano. Yayana ya haɗa ni da wani magini, ƙanin matarsa ne. Muka yi jinga a kan miliyan 4, komai nasa: bulo, siminti, rodi, yashi, tsakuwa, lebura. Bulo inci 9, layi uku a ƙasa, goma a sama, ban da ƙyaure. Ya ce mako huɗu ya gama.

Mako biyu kafin azumi na tura masa miliyan 2. Ya haƙa fandisho, ya fara ɗora bulo, kullum hotuna suna shigo mini, har na ce wa yayana Allah ya saka. Tsakiyar azumi ya ce siminti zai tashi, in ƙaro dubu 800 ya kama kaya. Na ƙara. Daga nan hotuna suka ɗauke. Farko ya ce leburori ba sa iya aiki da azumi. Bayan Sallah ya ce tifa ta lalace. Sai rasuwa a ƙauyensu. Yanzu in na kira ba ya ɗagawa, sai can da dare ya turo "gobe in sha Allahu muna wajen". Goben nan ta kai ashirin.

Asabar ɗin da ta wuce na je da kaina. Baya ya tashi layi takwas a sama, gefen gabas layi biyar, yamma yana daidai da ƙasa, gaba kuwa rami ne kawai, yara har sun fara zuba shara a ciki. Ba siminti ko buhu ɗaya a wurin. Ga damina ta ƙarato. Ba mu yi rubutu ba, sai alat na banki da saƙonnin WhatsApp. Matar yayana kuma ta kira matata tana kuka, wai kar in tona musu asiri. Me za ku ce?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumussalam. Ba wata shawara, ka kai shi caji ofis. Ya kwana biyu a bayan kanta za ka ga 'yan'uwansa sun haɗo kuɗin kafin Juma'a. Irin mutanen nan lallashi ƙara musu ƙarfi yake.

Maman Ummi:
Kai Ɗan Fagge, kai komai caji ofis. Ba ka ji ya ce surukin yayansa ba ne? In an kulle shi yau, gobe a gidan suna wa zai kalli wa?

Abban Sadiq, sannu. Ni ma an taɓa yi mini, sai dai nawa bai kai naka ba. Filin marayun da nake riƙo ne a Mariri. Ni mace, ga takaba ban daɗe da fita ba, mutumin ya ga ba mai tsaya mini. Abin da ya cece ni, na daina kiran sa kwata-kwata, na je wajen mahaifiyarsa na zauna a tabarmarta na gaya mata kuɗin marayu ne. Ban ɗaga murya ba. Kwana uku ya dawo aiki. Kowa yana da wanda yake jin kunya, shi za ka nema.

Ɗan Fagge:
Hajiya, wannan mai sauran kunya kika samu. Wani uwar tasa ma da kuɗin ya yi mata kayan Sallah.

Barista:
Bari in tsoma baki kafin a tura mutum inda zai ƙara asara. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. 'Yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne, kotuna sun sha faɗin haka. In ka sa aka tsare shi a kan jinga, ya samu lauya mai kaifi, kai zai maka a kotu kan tauye masa haƙƙi, ka koma kai ake bi.

Akwai inda abin yake zama laifi: cin amana, sashe na 311 da 312 na dokar laifuka ta Penal Code, ko yaudara, sashe na 320. Amma sai ka nuna tun farko da niyyar cuta ya karɓa, ko an ba shi kuɗi don abu kaza ya karkatar da su. Mutumin da ya haƙa rami ya ɗora bulo sama da dubu, da wuya a ce tun farko damfara ya shirya. Dubu 800 ɗin nan ta biyu ce kawai take da ƙamshin haka, tunda ya ce siminti zai saya kuma babu simintin. Ka adana wannan saƙon da kyau, ka ɗauki hotonsa ka tura wata waya.

Rashin rubutu kuma kada ya tayar maka da hankali. Yarjejeniyar baka yarjejeniya ce, kuma alat da saƙonnin waya kotu tana karɓar su a matsayin shaida. Kano tana da kotun ƙananan ƙararraki tun 2019, a cikin kotunan majistare take, an buɗe ta da iyakar miliyan 5, kuɗinka bai kai nan ba. Ba dole sai da lauya ba. Takardar neman biya ake fara ba shi, in bai biya ba a shiga, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Sai dai ni da nake cin abinci a kotu ina gaya maka: hukunci daban, kuɗi a hannu daban. In ba shi da abin da za a kama, takarda za ka riƙe.

Ɗan Fagge:
To Barista, dokar nan an san da ita ne a caji ofis ɗin unguwarmu? 😂

Barista:
An sani. Ranar da abin ya juye ne ake tunawa da ita.

Baba Birkila:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Shekara ta arba'in da 'yan kai ina riƙe da cokalin gini, tun ana yin bulo da hannu a wurin aiki.

Ɗana Abban Sadiq, tambaya zan yi maka, kar ka ji haushi. Kafin ka ba wannan yaron, ka tambayi wani? Nawa ya ce maka?

Abban Sadiq:
Na tambaya, Baba. Mutum biyu. Ɗaya ya ce miliyan 4.8, ɗaya ya ce 5.

Baba Birkila:
To ka gani. Mutum biyu sun ce kusan biyar, na uku ya ce huɗu, ba ka tambayi kanka ina zai samo cikon ba? Araha ba ta ado.

Zo mu yi lissafi tare. Hamsin da ɗari, in ka zagaya ƙafa 300 ke nan. Bulo ɗaya tsawonsa ƙafa ɗaya da rabi. Layi ɗaya na zagaye bulo 200 yake ci. Layi 13 kuka yi magana, 2,600 ke nan, ka cire ɗan na bakin ƙyaure da gurbin fila, ka mayar da shi na fashewa. Ka je gidan bulo ka tambayi kuɗin inci 9 mai kyau ka ninka, kusan rabin jingar ta tafi a nan kaɗai. Buhu ɗaya yana ɗora bulo kamar hamsin, wajen buhu 50 ke nan na ɗori. Kankaren fandisho da na fila su ma za su ci wajen buhu 50 ko fiye. Ga rodi, ga tsakuwa, ga yashi, ga ruwa, don bayan Janguza in ba rijiya kusa sai ka sayi ruwa. Ga kafinta mai haɗa katakon fila. Me ya rage wa magini da yaransa?

Yaron nan bai yi lissafi ba, ko ya yi ya ga ba ta fita amma ya karɓa don yana da wani rami da zai toshe. Haka yaran yanzu suke yi, kuma ba zan ɓoye ba, a zamaninmu ma an yi. Ka karɓi kafin alƙalamin Audu ka ƙarasa aikin Garba, ka jira na Tanko ka dawo wa Audu. Ranar da Tanko bai zo ba, sai waya ta mutu. Ba na ce ya kyauta ba. Bai kyauta ba ko kaɗan. Amma kuɗinka ba su gudu ba, suna jikin katangar wani.

Kuma ku masu aiki kuna da naku. Nawa ne suka riƙe mini ciko har yau? Akwai alhajin da na yi wa bene, ya tare, ya aurar da 'ya'ya biyu a ciki, cikona yana wajensa. Shi ya sa magini in ya ga kuɗi yake damƙa da yawa tun farko. Ba mai zuwa waya ya rubuta wannan.

Maman Ummi:
Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Amma Baba, wanda ya cuce ku daban, wanda ake ramawa a kansa daban.

Baba Birkila:
Haka ne, 'yata. Ban musa ba.

Sani Mai Siminti:
Ni a shago nake, kuma ina ganin abin da idona. Maganar "siminti zai tashi" ba kullum ƙarya ba ce. Ku tuna farkon 2024. Buhun da muke sayarwa dubu biyar da wani abu a ƙarshen 2023, cikin Fabrairu ya haura dubu goma, sai da gwamnatin tarayya ta kira Dangote da BUA da Lafarge zama, aka ce a sayar tsakanin dubu 7 zuwa 8. Duk maginin da ya karɓi jinga da kaya a Janairun 2024 ya sha wuya, wasu har babur suka sayar. Tun daga lokacin na daina ba wa kowa shawarar jinga da kaya.

Amma wanda ya ce zai kama siminti, ai abu ne mai sauƙi. Rasit. In ya biya a shago ya bar kayan ajiya, muna rubutawa, yana ɗiba da kaɗan-kaɗan. Ka ce ya nuna maka rasit ko ya kai ka shagon. In ya fara kame-kame ka san babu.

Abban Sadiq:
Na tambaye shi tun watan jiya. Ya ce rasit ɗin yana aljihun rigar da aka wanke.

Ɗan Fagge:
Wayyo rigar nan! Ita ce dai ta kowa da kowa.

Injiniya Zariya:
Yallaɓai, kowa yana maganar kuɗin da suka tafi, ni abin da ke tsaye ne yake damuna. Turo mana hoton gefen gabas ɗin, daga nesa da kuma kusa. Ina son ganin gurbin fila da kan rodin.

Abban Sadiq:
Ga su nan, guda huɗu. Na ƙarshen kusurwar baya ce.

Injiniya Zariya:
Na gani. Abin da na ji tsoro ke nan.

Gefen nan ƙafa 100 ne, gurbin fila biyar na ƙirga har da na kusurwa. Wato tazarar ƙafa 25 tsakani. Katanga mai tsayin ƙafa takwas, fila duk ƙafa 10 ake so, in an ja sosai 12. Katanga ba ɗaki ba ce. Ɗaki yana da bango huɗu da suke riƙe juna, ga rufi ya ɗaure su. Katanga ita kaɗai take tsaye, iska tana dukan ta kamar tabarmar da aka shanya. Fila ce kawai ƙashin bayanta. Iskar farkon damina da muke gani a Kano da Zariya, wadda take ɗaye kwano, ba za ta yi wa bango mai tazarar ƙafa 25 ta daɗi ba. Kuma a unguwa irin wannan yara a gindin katanga suke fakewa.

Na biyu, rodin da ya leƙo a kusurwa siriri ne, ina zaton mai kaurin milimita 10 ne, ba mai 12 ba. Guda huɗu mai 12 ake sa wa fila, da zobe duk inci takwas zuwa tara, kuma daga cikin kankaren fandisho zai taso, ba a soka shi daga baya ba. A guraben tsakiya ma ban ga rodi ba sam.

Na uku, ban ga ƙofar ruwa ko ɗaya ba. Hoton ya nuna filin ya gangara yamma. In ka rufe shi ruf, ruwan Agusta zai taru a ciki ya jingina da bangon yamma, ƙasa ta jiƙe, fandisho ya zauna. Ana barin 'yan ramuka a layin farko na saman ƙasa, ko a sa bututu.

Shawarata, kafin ka zauna da kowa, ka ɗauki wani magini da bai san shi ba, ka biya shi kuɗin yini, ku ƙirga bulon da ke jikin bango layi-layi, ku tona wuri biyu ku ga kaurin kankare. Ka fito da adadi a takarda: aikin da aka yi ya kai naira kaza, saura naira kaza a hannunsa. In ka je zaman sulhu da "ya cuce ni" kawai, shi ma zai zo da "kaya sun yi tsada", a tashi ba a san wa ke bin wa ba.

Baba Birkila:
Injiniya ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara. Ka ɗauki bulo ɗaya cikin na ƙasa, ka ɗaga shi daidai ƙirjinka ka sake shi a kan ƙasa mai tauri. Mai kyau zai tsaya, ko ya rabu biyu. In ya watse kamar ƙuli-ƙuli, to buhu ɗaya aka buga wa hamsin. Mu a da inci 9 ba ma wuce talatin a buhu, kuma sai an yi masa ban ruwa mako guda. Ka kuma goga ƙusa a jikin kwaɓin da ke tsakanin bulo. In yana zuba kamar gari, yashi ne da sunan siminti.

Rushe bangon gabas ba dole ba ne. Ana iya yanka shi a fitar da gurbi a tsakiyar kowace tazara, a tona ƙasa a yi wa filar gindi. Aiki ne, amma ya fi asarar bulo ɗari biyar.

Injiniya Zariya:
Na yarda, Baba, in fandishon ya yi kauri. In ya tona ya ga kankaren bai kai inci huɗu ba, ni dai ba zan ɗora layi goma a kai ba.

Baba Birkila:
Ku 'yan boko da awon inci. Ƙasar wajen nan jangargari ce, tana da ƙarfi.

Injiniya Zariya:
Ranka ya daɗe, ƙasar tana da ƙarfi da rani. 😄

Ustaz Kurna:
Allah ya saka wa Baba da Injiniya. Ɗan abin da zan ce, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kuma mun mayar da rubutu kamar zargi, sai ka ji "haba, tsakaninmu?" Alhali tsakanin namu ne ya fi buƙatar rubutun, don bare in kun ɓata kowa ya kama gabansa, ɗan'uwa kuwa kuna tare har makabarta. Hadisin da maginan suke yawan kawowa, a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, gaskiya ne, amma ai sai an yi gumin.

Abban Sadiq, neman haƙƙinka ba yanke zumunci ba ne. Sai dai ka bi ta ƙofa. Yayanka ne ya kawo shi, shi zai kira zaman, ba kai ba. In gida ya gagara akwai mai unguwa, akwai Hisba suna irin wannan sulhun kullum, kafin a kai ga alƙali.

Abban Sadiq:
Malam, matsalar ke nan. Yaya cewa yake in ƙara haƙuri. Kunyar matarsa yake ji, ni kuma kunyarsa nake ji.

Maman Ummi:
To kunyar nan ce yaron yake ci. Ya san ba mai iya ɗaga masa murya. Ka ce wa Yaya ba ƙara za ka kai ba, lissafi kawai kake so a yi a gabansa. Wa zai ƙi lissafi? Kuma don Allah ka cire matan daga ciki. Kar matarka ta ƙara amsa wannan maganar, ta ce ita ba ta san komai ba. In ta shiga bakin mata, katangar za a gama, gabar ba za ta ƙare ba.

Na Jidda:
Ni ina karantawa ina dariyar baƙin ciki. Shekara biyu ina turo kuɗi daga nan, ana turo mini hoton katanga har da fenti. Da na zo gida, katangar maƙwabci ce. Nawa filin ko turken awo an cire. Kai ka gode wa Allah kana iya zuwa duk mako biyu.

Ɗan Fagge:
Innalillahi. Na Jidda, kai ma haƙurin ka yi?

Na Jidda:
Ɗan ƙanwata ne. Me zan yi?

Auwalu KN:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Katanga ma sai an nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano? Ni ma ina shirin kewaye nawa a Gunduwawa.

Injiniya Zariya:
Ka je ofishinsu ka tambaya kafin ka haƙa, musamman in filin yana bakin hanya. Katanga gini ce. Kuma ka kira maƙwabta da mai unguwa a ja igiya a gabansu. Taku ɗaya ka shiga hanya ko filin wani, wata rana jan fenti za ka tarar a bango.

Admin:
Auwalu, buɗe naka zancen daban don kar a karkatar da na Abban Sadiq. Masu turo lambar waya suna tallar "magini mai amana", na goge. Kuma kar wanda ya nemi a sa sunan mutumin ko hotonsa a nan.

Ɗan Fagge:
Admin ai da an sa, wani ya tsira.

Barista:
Wani ya tsira, shi kuma Abban Sadiq ya samu ƙarar ɓata suna a kan ta katanga. Bar shi.

In za a yi zaman, ga abin da takardar za ta ƙunsa, ba sai da Turanci ba, Hausa ta isa: nawa aka ba shi, nawa aikin da ya yi ya kai, nawa ya amsa yana hannunsa, ta yaya zai biya, zuwa wace rana, da abin da zai biyo baya in ranar ta wuce. Ya sa hannu, shaidu biyu su sa, ɗaya daga danginsa. Wannan amsawar da ya yi a rubuce ita ce ƙararka gaba ɗaya in an je kotu, ba sauran jayayya.

Abban Sadiq:
Jama'a, na dawo. Kwana goma sha ɗaya ke nan, ga yadda aka yi.

Na ɗauki wani dattijon magini daga Rijiyar Zaki muka je ranar Asabar. Bulon da ke jikin bango 1,090, na ƙasa 180. Na saki ɗaya kamar yadda Baba ya ce, ya rabu biyu, bai watse ba. Kankaren fandisho inci biyar a wuri ɗaya, huɗu da rabi a ɗayan. Rodin kusurwa mai 10 ne, Injiniya ya canka. Dattijon ya yi wa komai kuɗi har da ladan aiki, ya tashi miliyan 1.9. Saura dubu 900.

Na kai wa Yaya takardar ban ce komai ba. Ya daɗe yana kallon ta, sai ya ɗauki waya da kansa. Aka zauna Lahadi bayan la'asar a zauren Yaya, da maginin, da babban wansa, da limamin layin. Da farko maginin ya fara maganar tsadar kaya, liman ya ce a bi takarda layi-layi, ya nuna inda aka ƙware shi. Ya ƙara kuɗin ruwa dubu 40 da muka manta, na yarda. Daga nan ya sunkuyar da kai. Baba, kamar kana wurin. Wani gida yake yi a Ɗorayi, mai gidan ya riƙe masa kuɗi, masu bulo suka matsa masa, ya ɗauki nawa ya biya. Sauran ya shiga hidimar Sallah. Ya kuma amsa cewa tun ranar da ya ce miliyan 4 ya san ba za ta kai ba, wai ya ji tsoron in ya faɗi gaskiya aikin zai kuɓuce.

Abin da aka rubuta: dubu 860 yana hannunsa. Zai kawo bulo 700 a madadin wani ɓangare, wansa ya tsaya masa a gidan bulon. Sauran zai biya da aikin hannunsa, ana cirewa. Siminti, rodi, tsakuwa, ni zan saya da kaina, na riga na yi magana da shago a ajiye ana ɗiba da sa hannun ƙanina. Leburori ƙanina zai riƙa biya kullum da yamma, kuɗi ba zai bi ta hannunsa ba. Za a yanka bangon gabas a ƙara fila huɗu. Mako biyar aka ba shi. In ya wuce, wansa zai biya abin da ya rage, ya sa hannu a kan haka.

Gaskiya gabaɗaya aikin zai kai ni wajen miliyan 5, kuɗin da na guda tun farko.

Ɗan Fagge:
Wato shi ɗin dai zai ci gaba da aikin? Abban Sadiq, kai ma da ƙarfin hali kake. Ni ko bulo ɗaya ba zai ƙara taɓa mini ba.

Abban Sadiq:
Na yi wannan tunanin. Amma in na kore shi, dubu 860 ɗin a ina zan gan su? Ba shi da komai sai babur da cokali. Hannun nasa ne kaɗai abin da zan iya karɓa.

Maman Ummi:
Alhamdu lillahi. Matar Yaya fa?

Abban Sadiq:
Ba ta gaishe ni ba ranar, amma jiya ta aiko wa yara da dambu.

Injiniya Zariya:
Madalla. Inci huɗu da rabi zan iya haƙura da shi, in an yi wa sababbin filolin gindi mai faɗi, ƙafa biyu da biyu. Fila huɗu da za a ƙara sun mayar da tazarar ƙafa goma sha biyu da rabi, da ƙyar ta shiga, amma yamma da gaba a yi su goma-goma tunda ba a tashe su ba. Ka ce wa ƙaninka ranar zuba fila kar ya matsa ko nan da can, a gabansa za a ɗaura rodin a rufe katako. Bayan an rufe ba mai sanin abin da ke ciki. Kuma a fara da gaba, ramin nan in ruwa ya cika shi gefensa zai zube, sai an sake haƙa.

Baba Birkila:
Bulo 700 ɗin nan, kar a karɓa da dare, kuma kar a karɓi ɗanye. Wanda ake bi bashi gidan bulo mafi araha zai nufa. Yaronka ya saki ɗaya daga kowace mota kafin a sauke. Sun fara kawowa?

Abban Sadiq:
Mota ɗaya ta zo jiya, 250. Ƙanina bai gwada ba, ya ce kunya ya ji a gaban direba. Yanzu na kira shi, yana kan babur zai koma wajen.

Baba Birkila:
Ya ɗauko daga tsakiyar tarin, ba na sama ba.